Yadda ake haɗa kwalin kado (wato kyauta) na takarda, wanda murfinsa zai shiga

Duk yarinyar da na zaunar don koyon wannan aiki, a murfi take faɗuwa. Ni ma can na faɗi. Ranar bikin haihuwar ɗiyar yayata na kwana ina haɗa kwali 30, gari ya waye aka zuba alewa da dabino, murfi ko ɗaya ya ƙi shiga. Da zare muka ɗaɗɗaure su kamar ƙunshin goro.

Takarda tukuna. Bristol mai kauri za ki nema, giram 250 zuwa 300, wajen masu kayan lekol a kasuwar Dole ta nan Damagaram. In mai shago bai san zancen giram ba, ki kama gefe ɗaya ki ɗaga. Wadda ta langaɓe ki bar masa abarsa. Babban falle ki saya ki yanka da kanki, ya fi sauƙin kuɗi. Sai rula ta ƙarfe, almakashi, farin kol irin na kafintoci, da bik wanda tawadarsa ta ƙare.

Gindin kwalin ba wuya. Yanki takarda santimita 20 tsawo, 20 faɗi. Daga kowane gefe ki auno santimita 5 ki ja layi, tsakiya zai rage 10 da 10. Da mataccen bik ɗin nan za ki ja layin, ki danna sosai har ya yi kwari, sannan ki naɗe. Wadda ta naɗe bristol ba ta ja masa layi ba, bakin tsagewa yake, farin da ke cikin takardar ya fito. A kowace kusurwa akwai ɗan murabba'i. Layi ɗaya kawai za ki tsaga masa, ya zama kunne, ki shafa kol ki manna shi ta ciki.

To, murfi. Ƴan koyo suna cewa ai gindi 10 ne, murfi ma 10. Sun manta takarda tana da jiki, kuma kunnuwan da aka manna cikin murfin su ma sun ci wuri. Tsakiyar murfi 10,4 za ta zama, wato ƙarin milimita 4. In bakinsa santimita 3 ne, takardar ki yanke ta 16,4 kowane ɓangare. Ga inda ake sake zamewa: wata ta yanka 16,4 daidai, amma ta aza rula daga gefe guda ta sa alama a 3 da 13. Ƙarin ya tafi baki ɗaya, tsakiya tana nan 10, aikin banza. Juya takardar za ki riƙa yi, kowane gefe ki auno 3 daga bakinsa. Kada kuma ki ce bari in ƙara santimita guda in huta, murfin zai riƙa rawa, yaro na ɗauka alewa ta watse. Ki haɗa guda ɗaya cikakke, ki rufe, ki buɗe, ki kife shi. In murfin ya sauka a hankali ba dannawa, sai ki maida wannan ma'auni ki yanka sauran.

Kol kaɗan ake sawa, da tsinken ashana ma ya isa. In ya yi yawa takarda ta kumbura. Da hunturu nan Damagaram kafin ki kai kusurwa ta huɗu ta farko ta bushe, don haka ɗaya bayan ɗaya, ki matse da yatsa ki ƙirga 20. Cikin ɗaki, ƙofa rufe, saboda ƙura.

Ado kuma ni dai ƙyalle siriri guda da sunan mai biki sun ishe ni, ƙyalƙyali cikin abinci yake zuba. In cincin ko dubulan za a sa, a ƙulla su a leda tukuna, mai yana huda bristol kafin baƙi su iso.