Babi na 7: Takardun gado, kafin a je wurin lauya

Darasi na 1: Takardar rasuwa

Iyaye da ƴan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Ku karanta a hankali, ba gudu ake yi ba.

Idan mutum ya rasu ya bar gida, ko gona, ko kuɗi a banki, ko fansho, takarda ta farko da ake nema ita ce takardar rasuwa. Ofishin magajin gari ne ke bayar da ita. Idan a asibiti aka yi rasuwar, a can ake fara rubutawa. Idan a gida ne, ku shaida wa mai unguwa ko mai gari, ya nuna muku inda ake rubutawa. Dokar Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 a rubuta rasuwar. Ku rubuta a allonku: 60. Shida da sifiri. Wato daga sadakar arba'in, kwana 20 kaɗai suka rage muku. Idan kwanakin suka wuce, sai an bi ta kotu alƙali ya yi hukunci da shaidu, ga ɓata lokaci, ga kuɗin mota.

To, ga inda aka fi faɗuwa. Da an miƙo muku takardar, kada ku naɗe ta ku sa aljihu. Ku tsaya nan gaban tebur. Ku fito da katin ɗan ƙasa na mamacin, ku ajiye shi kusa da takardar. Ku ɗora yatsa kan sunan da ke kati, ɗayan yatsan kan sunan da ke takarda, ku bi harafi harafi. Da Faransanci ake rubuta takardun nan, amma suna suna ne, kuna iya karanta shi. Idan kati ya ce Mahamadou, takarda ta ce Mamadou, a wurin banki mutum biyu ne, ko da duk Tawa ta san mutum ɗaya ne. Ku ce wa ma'aikacin: "Malam, don Allah duba sunan nan." Ba rashin kunya ba ne.

Mu sake. Kati a dama, takarda a hagu. Harafi na farko, harafi na farko. Na biyu, na biyu. Kun gama sunansa? Ku duba sunan mahaifinsa. Kun gama? Ku duba shekarar haihuwa. Iya, in idonki bai gani sosai, jikanki ya karanta da ƙarfi, ke ki riƙe katin. Kin iya, wallahi kin iya.

Har yanzu wasu cikinku na ce mini "ai ma'aikaci ya fi mu sani". Haba jama'a! Ma'aikaci bai san mijinki ba, abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Kunyar minti ɗaya ce ke sa marayu wata da watanni suna zarya. Kada wanda ya fita ofishin nan bai gwada suna da suna ba.

Darasi na 2: Taron dangi da lauya

Bayan takardar rasuwa, dangi su zauna su rubuta sunayen magada duka, har da matar da ke wani gari da jaririn da ke goye. Su zaɓi wakili ɗaya, a kai wa kotu takardar taron ta tabbatar. A Nijar alƙali yana bin al'adar mamacin a maganar gado, masana al'ada na zaune tare da shi, ga Musulmi kuma rabon Musulunci ake bi.

Gado mai sauƙi, malami da mai unguwa sun isa. Lauya ana nemansa idan akwai gida mai takarda, ko bashin banki, ko wani ya sayar da fili bayan idon sauran. Ku nemi wanda ya daɗe yana shari'ar gado, ku tambayi kuɗin aikinsa tun ranar farko, ku karɓi rasit. Yawancin lauyoyi a Yamai suke zaune, saboda haka ku haɗa takardunku cikin jaka ɗaya kafin ku hau mota. Marar hali ya tambayi ofishin ANAJJ a kotu, hukumar da aka kafa a 2011 don taimakon talaka a shari'a. Kuma abin da lauya zai fara dubawa, sunan nan ne.

Darasi na 3: Wasiyya

Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan rabo. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji. Idan jika 900 suka rage bayan bashi, iyakarta jika 300. Baba, ka yi ta da hankalinka, gaban shaidu biyu.

Darasi na 4: Sa hannu

Kada ku dangwala yatsa kan takardar da ba a karanta muku da Hausa ba.

Aikin gida: ku zo da katinku da takardar haihuwarku, mu gwada sunayen.