Fujipet da 'yan uwanta: inda sabon hannu ke tuntuɓe

A 1957 kamfanin Fuji na Japan ya fito da Fujipet, 'yar kyamara mai arha domin yara da 'yan koyo. Yau matasa ne ke farautarta saboda taushin hotonta, amma da yawa fim ɗinsu na farko asara yake zama.

Tun wajen saye ake fara zamewa. Diana da Holga, kyamarorin roba masu kama da ita, ba na Japan ba ne, 'yan Hong Kong ne. Su kuwa 'yan mitsi-mitsin kyamarorin nan masu suna Hit, da ba su fi akwatin ashana ba sosai, fim mai faɗin milimita 17.5 suke ci, wanda sai dai ka yanka da kanka cikin duhu. A ganina ado ne kawai. Fujipet fim mai faɗi da ake kira 120 take ɗauka, ana yin sa har yanzu, hoto 12 a naɗi guda.

Babban abin da ke cin mutane shi ne mantuwa. A gefen idonta, wato gilashin gaba, akwai 'yan hannuwa biyu masu lamba: ka danna 1 ta ɗana, ka danna 2 ta ɗauka. Ba ta hana ka sake ɗauka a kan hoton da ya riga ya hau. Sai an wanke ka ga fuskar ƙanwarka a cikin bishiya. Maganinsa, da zarar ka ɗauka ka murɗa fim nan take, kana leƙen 'yar tagar baya har lamba ta gaba ta bayyana. Ita ma tagar a rufe ta da baƙin salatef bayan an duba, don fim ɗin zamani ya fi na da saurin kama haske.

Duba kada ka bar ta a kan saitin da aka yi wa alamar B. A nan ido buɗe yake muddin yatsanka na danne, hoto ya fito fari fat ko a birkice.

Kyamarar rana ce, cikin ɗaki ba ta gani. Ba a kuma saita mata nisa, don haka ja da baya kamar taku uku.

In fim ya ƙare, shiga inuwa ka cire, ka liƙe bakin takardarsa da kyau. Kwarkwaron da ya rage fanko kada ka yar, a kansa fim na gaba zai naɗe.