Yadda Ake Duba Rigar Iska Kafin a Yi Nutso

Idan kana Abuja kana shirin tafiya Bahar Maliya ko Zanzibar don nutso da tukunyar iska, kayan da ya kamata ka fi sa wa ido shi ne rigar iska, wadda ake kira BCD. Ita ake hura wa iska ko a sace ta, don mutum ya tsaya daidai a cikin ruwa.

Da farko ka hura ta da baki har ta cika tam, ka ajiye ta minti 15. In ta saki, tana yoyo, kada ka shiga ruwa da ita.

Sai maɓallai, kuma a nan ƙirar take da aibi. Na hurawa da na sacewa suna kusa da juna a bakin tiyo ɗaya, mai firgici kuwa yana iya danna wannan a madadin wancan. Ka rufe ido ka yi ta lalubensu har yatsunka su saba. Haɗa ɗaya tiyon, wanda ke kawo iska daga tukunya, danna na hurawa, ka saki. Dole ƙarar iskar ta tsaya nan take. Gishiri ko yashi na iya maƙale shi, rigar ta yi ta kumbura tana jan ka sama.

Haɗarin a nan yake: a zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama sau biyu, don haka iskar da ke rigar tana ninka girmanta kafin ka iso sama. Kana tasowa tana kumbura, tana kumbura kana ƙara gudu. Huhu na iya yagewa idan ka riƙe numfashi. In maɓallin ya maƙale, maganin shi ne ka cire tiyon da ke kawo iskar tukunya daga rigar, ka ja igiyar bawul ɗin kafaɗa, kana fitar da numfashi. Ka gwada wannan a wurin ninkaya, gaban mai koyarwa. Cire tiyon yana da wuya in akwai iska a ciki, balle da safar hannu.

Bayan haka ka ja kowane bawul na sace iska, na kafaɗa da na ƙugu, ka tabbatar yana komawa ya rufe.

Aljihun dalma, wato nauyin da ke taimaka maka nutsewa, shi ma a duba. Ka tura shi har ka ji ƙas. In ya sulluɓe a ƙasan ruwa, sama za ka yi ba shiri. Kuma nauyin da ya ishe ka a ruwan Abuja ba zai ishe ka a teku ba, domin ruwan gishiri ya fi ɗaga mutum. Ka sake gwaji a can, kana saman ruwa: riga ba iska, numfashi a riƙe, ruwa ya tsaya maka daidai ido.

In rigar haya ce, ka nemi a nuna maka inda komai yake, don ƙirar kamfanoni ta bambanta.

Taka ta kanka kuwa, ka ɗauraye cikinta da ruwa mai tsabta, ka ɗan hura ta, ka adana a inuwa cikin jaka. Ƙurar hunturu ma tana shiga maɓalli.