Attaruhu a ƙasar sanyi: kurakuran da ke jawo mana asara lokacin girbi

'Yan uwa mazauna Ingila da Kanada masu shuka attaruhu da tattasai a bayan gida, ku zo mu yi maganar girbi, don nan ne yawancinmu ke tafka asara bayan wahalar wata bakwai.

Babban kuskure shi ne jiran sai duk sun yi ja. A gida rana na nan, ba wanda ke gaggawa, amma nan da zarar sanyin dare ya kai digiri 0 shi ke nan, raɓa ta daskare a kan ganye. Ni shekarata ta farko a arewacin Ingila haka ta same ni ƙarshen Oktoba, na fito da safe na tarar ganyen sun yi baƙi sun langaɓe kamar an zuba musu tafasasshen ruwa, 'ya'yan kuma kwana biyu suka yi laushi suka ruɓe, wallahi har hawaye na yi. Yanzu daga Satumba kullum sai na duba hasashen yanayi a waya, in na ga dare zai sauka ƙasa da 5 sai in tsinke komai, ko in shigo da tukwanen ciki kusa da taga. Wanda ya fara sauya launi zai ƙarasa nuna a kicin cikin 'yan kwanaki. Kore shar ɗin kuwa da wuya ya yi ja, a yi miya da shi haka, yajinsa na nan.

Kar a fizga da hannu, reshen na da saurin karyewa. A sa almakashi a bar ɗan kara a jiki.

Sai shanya. Mun saba a baza barkono a tabarma rana ta gama aiki, to nan iskar kaka jiƙe take, attaruhu kuma nama gare shi mai kauri, za ki ga waje lafiya lau ki tsaga ki tarar da funfuna a ciki. In dai busasshe kike so don yaji, tsaga shi biyu, sa a obin wuta can ƙasa kamar digiri 60 na Celsius, ƙofa a ɗan buɗe, har sai ya yi ƙaras yana karyewa. Ki buɗe tagogi fa, in ba haka ba yara za su yi ta tari. Ki sa safar hannu kuma, ruwa kaɗai ba ya cire zafin nan daga yatsu.

Ni dai firiza na fi yarda da ita. A wanke, a bari ya bushe sarai, a jera a faranti ya daskare sannan a juye a leda, ta haka ba zai haɗe ya zama dunƙule ɗaya ba. Firij kuwa sati ɗaya zuwa biyu ne, kuma kar a wanke kafin a sa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne masu zuba ɗanyen markaɗe a kwalba su rufe da mai su ajiye a kan kantar kicin. Inda babu iska akwai ƙwayar cuta da ke iya yin guba mai kisa, ba lallai ki ji wari ba. Markaɗen nan firiza za shi, a ƙananan robobi, kowace ta miya ɗaya.