Kek ɗin Ayaba: Inda Ake Kuskure da Yadda Za Ki Gyara

Ayaba ba ta jiran kowa. Maigida zai shigo da ita daga kasuwar 'Yan Lemo ranar Juma'a tana ruwan ɗorawa gwanin sha'awa, kafin Litinin, in lokacin zafi ne, ɓawonta ya yi ɗige-ɗige, zuwa Laraba ya yi baƙi, yara sun daina ko kallonta. A nan ne wasu ke kai ta bola ko a miƙa wa awaki, alhali a ranar ne ta kai yadda mai gashin kek take so. Ni dai zubar da ayaba yana min ciwo, shi ya sa na daɗe ina wannan kek ɗin, kuma na ga yadda yake ba mata da yawa wahala, har waɗanda suka ƙware a kek ɗin biki da na suna. Dalilin bai wuce ɗaya ba: suna manta cewa ayaba nunanniya ruwa ce da sukari, kusan kashi 75 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Duk wadda ta riƙe wannan a zuciya, rabin matsalarta ta kau.

Daga zaɓen ayabar ake fara tuntuɓe. Mace ta ga ayaba ta yi kyau, ɓawo fes babu tabo, sai ta ce wannan ce ta dace. Wannan ta ci ce, ba ta gashi ba. Ɗanyar ayaba sitaci ne ya cika ta, nunar da take yi ita ce ke narkar da sitacin ya koma sukari, ƙamshi kuma ya fito. In kika yi kek da wadda ba ta gama nuna ba, zai fito salam, ba zaƙi ba ƙamshi, kuma ya yi gari-gari a baki. Ki jira sai ɓawon ya cika da baƙaƙen ɗigo, ko ma ya yi baƙi gaba ɗaya, ta yi laushin da cokali mai yatsu zai dame ta ba tare da kin sa ƙarfi ba. Idan kina sauri, ki nannaɗe ta a takarda ki ajiye a wuri mai ɗumi kwana ɗaya ko biyu, iskar da take fitarwa da kanta ce za ta ƙarasa nunar da ita. Sai kuma ki lura da irin ayabar nan da ake nunarwa dole da sinadarin kabaid, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa: waje ya yi ɗorawa tas, ciki kuwa tauri da bauri. Irinta ba ta yin kek mai daɗi, kuma ba abin kai wa iyali ba ce.

Amma nuna daban, ruɓewa daban. Baƙin ɓawo ba komai ba ne, ki ɓare ki duba cikin. In kin ji warin tsami mai kama da na abin da ya kwana ya tashi, ko kin ga fumfuna, ko ruwa na tsiyaya daga jikinta ƙananan ƙudaje sun yanyame ta, wuta ba za ta gyara wannan ba. Ki zubar.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa, wanda ni ma da shi na fara, shi ne cika ayaba. Ina da guda bakwai da suka nuna, raina ya ƙi in bar ko ɗaya, sai na dame su duka na juye a filawa kofi biyu. Sama ya yi ja mai kyau, gida ya ɗauki ƙamshi. Da na sa wuƙa sai ta fito da danƙo, tsakiyar ya kwanta ya yi duhu, a ƙasa kuma ga wani layi mai sheƙi kamar alawar da ba ta daskare ba. Gwaggona tana gidan a ranar. Ta gutsura, ta murza tsakanin yatsunta biyu, ta ce, "'Yar nan, ayaba nawa kika zuba?" Na ce, "Bakwai, Gwaggo." Ta ce, "To ai filawar ce ta nutse. Garin neman gira kin rasa ido. Gobe ki raba biyu, ki yi gashi biyu." Tun daga ranar ban ƙara ƙirga ayaba da ɗaiɗai ba, domin wata ƙarama ce kamar yatsa, wata kuwa ta kusa kai agada. Damawa nake yi in auna.

Ga awon da na zauna a kansa, na gwangwanin gashi ɗaya mai tsawo irin na burodi: damammiyar ayaba kofi 1 zuwa 1 da rabi, wato matsakaita uku ko huɗu, filawa kofi 2, sukari rabin kofi, ƙwai 2, man gyaɗa ko narkakkiyar bota rabin kofi, bekin soda ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, kindirmo babban cokali 3. Kirfa ko gyaɗar ƙamshi in kina so, amma kada ki cika, su danne ƙamshin ayabar.

Kalmar "kofi" ɗin nan ma tana jawo rikici. Kofin awo na masu gashi yana cin mililita 240. Gwangwanin madarar ruwa da muka saba awo da shi bai kai haka ba, sai an yi ɗaya da rabi kafin ya cika kofi. In kika auna filawa da gwangwani, ayaba kuma da kofin shayi, lissafi ya riga ya rushe tun ba a kunna wuta ba. Abin awo ɗaya za ki riƙe daga farko har ƙarshe. Kuma ki tankaɗe filawar a rariya, ki riƙa zubawa a kofin da cokali, ki share saman. Wadda ke cusa kofi cikin buhu tana dannawa, ita ce kek ɗinta ke fitowa a bushe yana shaƙe mutum.

Sukari kuwa, kada ki ɗauko awon kek ɗin biki ki kawo nan. Ayabar ta zo da nata. In ya yi yawa, waje zai ƙone tun ciki bai gasu ba.

Sai maganar bekin hoda da bekin soda, waɗanda mata da yawa ke ɗauka abu ɗaya ne tunda duka farin gari ne. Soda ba ta tashi ita kaɗai, sai ta haɗu da abu mai tsami, shi ya sa nake zuba kindirmo, kuma ita kanta ayabar tana da ɗan tsami-tsami da ke taimakawa. Bekin hoda kuwa an riga an haɗa mata abin tsaminta a ciki, amma ƙarfinta bai kai na soda ba, in ita kaɗai gare ki sai ki sa ƙaramin cokali 2 zuwa 3. Idan soda ta yi yawa, harshenki zai faɗa miki: ɗanɗano ne irin na abincin da aka cika wa kanwa, mai santsin sabulu, launin kek ɗin kuma ya yi duhu sosai. Yana ma iya kumbura da wuri har ki yi murna, sannan ya rufta ta tsakiya. Ki auna da cokali a shafe, ba a tsiri ba. Kuma irin wadda ake ƙullawa a leda ta kwana biyu a kanti, ki gwada ta kafin ki ɓata kayanki: ki zuba bekin hoda a ruwan zafi, soda kuma ki matsa mata lemon tsami. In ba ta yi kumfa nan take ba, ta mutu.

Wajen kwaɓi ne hannun da ya saba yake cutar mai shi. Mun tashi muna ganin ana buga ƙullun ƙosai sai ya yi fari ya tashi, ana buga fanke har sai hannu ya gaji, ana buga bota da sukari da muciya na tsawon lokaci. To wannan kek ɗin ba ya son bugu. Filawar alkama da zarar ta sha ruwa aka ci gaba da juya ta, wani danƙo ne ke tashi a cikinta, wanda shi ake nema a burodi da alkaki, amma a nan shi ke sa kek ya yi tauri kamar roba, ki yanka ki ga ramuka dogaye a ciki. Ki haɗa masu ruwa a roba ɗaya, ayaba da ƙwai da mai da sukari da kindirmo, su kam ki buga su yadda kike so. Busassun ki haɗa su daban. Sannan ki juye, ki riƙa ɗagowa daga ƙasa zuwa sama a hankali, da kin daina ganin farin gari ki ajiye ludayin. 'Yan gudaje ba laifi ba ne, wuta za ta narkar da su. Kada kuma ki bar kwaɓin ya zauna kina jiran wuta ta kama, domin soda tana fara aiki tun daga lokacin da ta jiƙe. Ba a fafe gora ranar tafiya: wutar ta riga kwaɓin shiryawa.

Mai obin ta kunna shi minti 15 kafin ta sa, a kan digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Celsius, gashin kuma yakan ɗauki minti 50 zuwa awa ɗaya. In sama ya yi ja tun lokaci bai yi ba, a rufa masa takardar foyil a ci gaba. Mu da muke yawan gashi a tukunya saboda ɗaukewar wutar lantarki, matsalarmu ɗaya ce kullum, ƙasa ya ƙone ƙurmus, sama yana ɗanye. Ki sami tukunya mai kauri, ki zuba yashi mai tsabta kamar kaurin yatsu biyu, ki rufe ya yi zafi tukuna. Kada ki dasa gwangwanin kai tsaye a kan yashin, ki ɗora shi a kan wani abu da zai ɗaga shi, ko tsakuwa uku ko ƴan ƙananan gwangwanaye. A kurfoti, garwashin ƙasa ya zama kaɗan, wanda ya riga ya ruru ya yi toka-toka, ki kwashi wani ki zuba a kan murfin. Wutar sama ita ce sirrin gashin tukunya, kuma ita ce aka fi mantawa. A ganina ma, mai tukunya ta haƙura da babban gwangwani, ta zuba a ƙanana irin na kek ɗin sayarwa, kada ta cika su fiye da kashi biyu cikin uku. Minti 20 zuwa 25 sun gasu har ciki.

Ki kama hannunki daga buɗe murfi. Duk buɗewa zafi ne ke fita, kuma kafin rabin awa tsakiyar babban kek bai tsaya da ƙafarsa ba. Lokacin gwaji in ya yi, ki soka tsinken tsire a tsakiya ya kai ƙasa, ba a gefe ba. Tsagewar da yake yi a sama kuwa ba aibu ba ce, haka halittarsa take. In ya fito ki bar shi minti 10 a gwangwani, ki juye, ki bar shi ya huce sarai kafin wuƙa ta taɓa shi, ko da yara sun zagaye ki. Mai zafi yana dagargajewa, har ki zaci bai gasu ba. Washegari ma ya fi daɗi.

Kada ki ƙulle shi a leda da ɗuminsa, gumi zai yi, da damina kuwa kwana biyu sun isa ya yi fumfuna. Da hunturu akasin haka ne, in kin bar shi a buɗe iska ta busar da shi. Ayabar da ta rage, in firjinki na samun wuta, ki ɓare ta kafin ki daskarar. Ranar da kika narkar za ta saki ruwa mai ɗan duhu, ki tsiyaye rabinsa ki dama da sauran.

In kuma aikin gama ya gama, kin yanka kin tarar da ciki bai gasu ba, kada ki zubar. Ki yayyanka shi falle-falle, ki shafa bota kaɗan a kasko, ki gasa kowane gefe a wuta ƙasa-ƙasa har ya yi ja, ki kawo da shayi mai citta da kanumfari. Idan tun a kwaɓi kika gane ayaba ta yi yawa, ki ƙara filawa cokali-cokali har ya riƙa saukowa daga ludayi da nauyi, ko ki ɗora mai a wuta ki riƙa ɗiba da cokali kina soyawa kamar fanke. Ranar da Gwaggo ta gyara min, a kasko muka ƙarasa nawa, kafin a kira sallar la'asar babu ko ɓarɓashi a faranti.