Yadda ake canza batirin famfon zuciya (LVAD)

Salam 'yan uwa, tun da Baba ya dawo Nima, unguwarmu a Accra, da na'urar nan kullum sai an tambaye ni yadda muke canza masa batir, to ga shi:

1. A zaunar da shi, kar a yi a tsaye.
2. Ɗauko batura 2 da aka yi wa caji.
3. Danna maɓallin kowanne ka ga ya cika.
4. Cire tsohon batir guda ɗaya kawai.

Don Allah a kula, nan ake kuskure! Kar a taɓa cire duka biyun lokaci ɗaya, famfon zai iya tsayawa, kuma jinin mutum da shi yake zagayawa.

5. Saka sabon har ya kama sosai, ƙarar kwantirola (na'urar da ke sarrafa famfon) za ta yi shiru.
6. Yanzu canza na biyun.
7. Duba wayar famfon da ta fito ta cikin Baba, kar ta lanƙwashe ko ta maƙale a riga.
8. Sa tsofaffin a caji nan take, ku dai kun san halin dumsor (yawan ɗauke wuta), mu ko zuwa masallaci ba ya fita sai da wasu baturan da ƙarin kwantirola a jaka.

In ƙara ta ƙi tsayawa, a kira likitansa.