Yadda ake ƙera gadar baya da ta ɓace a tsohuwar amfilifaya

Tsofaffin amfilifayoyi da yawa da ke shigowa Damagaram cikin kayan gwanjo, ko waɗanda aka gada daga iyaye, ana yanke musu hukuncin mutuwa alhali lafiyarsu ƙalau. Fitila tana kamawa, taransifoma tana ɗan gurnaninta, amma lasifika shiru, abin sawa a kunne ma shiru. Kafin a kwance sukurori a fara zargin taransisto, ya kamata a juya na'urar a dubi bayanta. Idan akwai ramuka huɗu na RCA, wato irin zagayayyun ramukan da ake cusa wayar sauti mai kai ja da fari, biyu an rubuta musu PRE OUT, biyu kuma MAIN IN ko POWER IN, kuma babu komai a cikinsu, to a mafi yawan lokuta matsalar ke nan.

Kamfanonin shekarun 1970 sun raba cikin irin waɗannan na'urori gida biyu: sashen da ke zaɓar sauti ya daidaita ƙararsa, wanda mafitarsa ita ce PRE OUT, da sashen da ke ba shi ƙarfin tura lasifika, wanda mashigarsa ita ce MAIN IN. Abin da ke haɗa su shi ne wasu ƙananan ƙarafa biyu lanƙwasassu kamar harafin U, waɗanda ake cusawa daga waje, ɗaya na hagu ɗaya na dama; su ne gadar da muke magana a kai. Da yake da hannu ake zare su, su ne suka fi saurin salwanta. NAD 3020, wadda ta fito a 1978, misali ce sananniya, kuma ita mashiga biyu gare ta a madadin MAIN IN: NORMAL IN, mai tace sautin da ya yi ƙasa ko sama da abin da kunne ke ji, da LAB IN, wadda ba ta da wannan matata. Wasu na'urorin kuma maɓalli aka sa musu a baya maimakon gada, don haka a fara tabbatar da cewa ba maɓallin ne aka ture zuwa wajen rabuwa ba.

Matakin farko gwaji ne da ba ya cin ko dala. A kashe na'urar, a zare ta daga wuta, a ɗauki wayar RCA ta yau da kullum mai kai ja da fari, a haɗa PRE OUT na hagu da MAIN IN na hagu, na dama da na dama. A mayar da maɓallin ƙara ƙasa gaba ɗaya, sannan a kunna. Idan sauti ya fito, an gano ciwon. Kada a taɓa cusawa ko zare wani abu a MAIN IN na'urar tana kunne, domin maɓallin ƙara ba shi da iko a kan wannan mashiga, kuma ƙugin da zai fita da cikakken ƙarfi yana iya ƙona lasifika nan take.

Daga nan sai tsabtace ramukan. Ramin da ya shekara a buɗe ya sha ƙurar hunturu, wani lokaci ma zanzaro ya toshe shi da laka. A naɗa auduga kaɗan a tsinken sakace, a jiƙa da alkol na famasi, a juya a hankali har audugar ta daina fitowa da datti, a bar shi ya bushe.

Mai son siffar asali zai ƙera gadar da ƙarfe. Kaurin tsinken RCA kusan milimita 3.2 ne, kuma wannan awo shi ne ginshiƙin aikin duka. Sandar tagulla da masu walda da gas ke amfani da ita, mai milimita 3 ko 3.2, ta dace sosai. Wayar jan ƙarfe ta wutar gida mai lamba 6 (wato 6 mm²) kaurinta bai kai milimita 2.8 ba, za ta yi sako-sako, mai lamba 10 (10 mm²) kuma ta haura 3.5, kuma ita ce ta fi haɗari, domin tana buɗe ƙarfen da ke cikin ramin ta yadda ba zai sake riƙe komai da kyau ba. Ƙusa da sandar walda ta baƙin ƙarfe a bar su, tsatsa za su yi a damina ta farko.

Tazarar da ke tsakanin ramukan ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka awo ake yi, ba kintace ba. A danna guntun kwali a kan ramukan biyu har bakinsu ya bar shaida, a auna daga tsakiyar da'ira zuwa tsakiyar ɗayar. Zurfin kuma a gwada shi da tsinken ashana, a yi masa alama da farce a daidai bakin ramin. A yanke sandar da ɗan rara, a kama ta da filaya biyu ko a matse ta a bais, a lanƙwasa kusurwa ta farko, a auna tazarar, sannan a lanƙwasa ta biyu. Idan tagullar ta yi tauri tana neman tsagewa, a gasa wurin lanƙwasar har ya yi ja kaɗan, a bar shi ya huce, zai yi laushi. Ƙafafun biyu dole su tsaya daidai da juna, tsawonsu ya zarce zurfin ramin da kamar milimita 5, domin bayan gadar kada ya taɓa zoben ƙarfen da ke kewaye da ramin. Wannan zobe a haɗe yake da jikin na'urar, kuma idan gada ta taɓa shi sautin wannan gefen zai ɗauke. A goge bakin kowace ƙafa da magagari ya zama mulmulalle, a bi da samfefa mai laushi har ya yi sheƙi, sannan a rufe bayan gadar da bututun roba mai tsukewa da zafi, ko da robar da aka feɗe daga wata waya.

A nawa ganin, wanda bai damu da siffar asali ba gara ya bi hanya ta biyu, domin ta fi tausaya wa ramukan da suka haura shekara arba'in. A sayi kawunan RCA huɗu masu kyau a wajen masu kayan rediyo na Kasuwar Dole, tare da guntun waya mai raga a jikinta, a yanke guda biyu masu tsawon kamar santimita 10. A like wayar tsakiya a tsinken kowane kai da dalma, ragar kuma a jikin kan, a kula kada ko silin raga ɗaya ya kai ga tsinken. Kada a daɗe da ƙarfen dalma a kan tsinken, domin robar da ke riƙe da shi tana narkewa ya karkace.

Kowace hanya aka bi, a gwada da mitar masu gyaran rediyo, wadda ke nuna ko wuta na iya bi ta cikin ƙarfe, kafin a saka. Daga tsinke zuwa tsinke ya kamata mita ta nuna kusan sifiri, daga tsinke zuwa jikin kai kuma kada ta nuna haɗuwa ko kaɗan. A cusa gadar na'urar tana kashe, ta shiga da ɗan tauri amma ba da duka ba. Bayan an kunna da ƙara a ƙasa, a juya maɓallin BALANCE zuwa hagu sannan zuwa dama, a tabbatar kowace lasifika tana amsa gefenta. Idan gefe ɗaya yana ƙaraf-ƙaraf, a kashe, a zare gadar wannan gefen, a sake goge ƙafafunta da ramin, in kuma har yanzu tana rawa a ciki, a ƙera wata da sandar da ta fi ta kauri kaɗan.